Za a yanke wa Baba muƙamuƙi saboda ciwon daji: mu sa hannu ko mu dawo da shi gida?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu yana da shekara 64, yana da ciwon suga, ya daɗe yana shan sigari, da ya bari kuma sai ya koma sa taba a baki. Wani gyambo ya fito masa a dasashi na ƙasa, aka yi ta maganin haƙori har aka cire masa biyu, wurin bai warke ba. Da aka yanki tsokar aka kai gwaji a wani asibitin koyarwa, sai aka ce daji ne, har ya taɓa ƙashi. Likitoci sun ce za su yanke ɓangaren muƙamuƙin, su kwashe kaluluwar wuya, su ɗebo ƙashi da fata daga ƙafarsa su cike gurbin. Sun ce aikin zai iya cin awa 10, kuma ana iya rasa rai. Yayanmu ya ce ba zai sa hannu ba, don wani maƙwabcinmu da aka shiga da shi tiyata gawarsa aka fito da ita, kuma ya ce daji ba ya son ƙarfe. Baba bai san sunan ciwon ba, mun ɓoye masa. Ya rame sosai, kunu kaɗai yake iya sha. Ni ce nake matsawa a yi aikin. Anti, in ya rasu a hannun likitoci, da wane ido zan kalli 'yan'uwana?

Ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, ana rasa rai a irin wannan aikin, kuma likitocin da suka gaya muku haka sun kyauta. A manyan asibitocin duniya da suka saba yin sa, cikin mutum 100 da aka yi wa, ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, kan rasu kafin cikar kwana 30. Naman da aka dasa kuwa yakan kama a wurin mutum 95 cikin 100, ko fiye. Wannan lissafin asibitocin da suke yin aikin kusan kowane mako ne, masu wadatar ma'aikata da kayan aiki. Na Baba zai iya fin haka, saboda suga, da shekarun da huhunsa ya sha hayaƙi, da ramar da kika ambata. Wanda zai gaya muku nasa lissafin shi ne likitan da zai sa shi barci, bayan ya duba zuciyarsa da huhunsa da ƙodarsa, kuma haƙƙinku ne ku zauna da shi tun kafin ranar aiki.

Amma ina so ki ajiye wannan adadi kusa da wani, wanda na lura ba a yi maganarsa a gidanku ba. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike daga wani asibitin masu ciwon daji da ke birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil, inda aka bi diddigin mutum 808 masu dajin kai da wuya waɗanda ba a yi musu magani ba. Kusan rabinsu sun rasu cikin wata 4. Gaskiya ne yawancinsu ciwon ya riga ya ci jikinsu kafin su zo. Duk da haka dajin baki da ya shiga ƙashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan ci gaba har ya hana haɗiya, ya fasa fata ya fito waje yana wari, ya jawo zubar jini, daga baya ya matse hanyar numfashi. Gashi (wato ƙona ciwon da hasken inji) shi kaɗai ko allurar kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) ita kaɗai ba kasafai suke kawar da wanda ya kama ƙashin muƙamuƙi ba, shi ya sa tiyata ce ginshiƙin maganinsa. Saboda haka dawo da Baba gida ba tsira daga hatsari ba ne. Zaɓen hatsarin da ya fi girma ne, sai dai shi a hankali yake zuwa, kuma babu takardar da wani zai sa wa hannu, balle a ce shi ya jawo. Zaman jiran a sasanta ma yana da nasa kuɗin, don an ga cewa jinkirin fara magani da ya kai wata 2 yana rage damar tsira a wannan ciwo.

Batun daji ba ya son ƙarfe kuwa, na san inda ya samo asali. Mutanenmu sukan kai mara lafiya asibiti bayan an gama zagaye, ciwo ya riga ya bazu, sai a yi aiki, bayan 'yan watanni ya rasu, laifi ya koma kan wuƙa. Akwai kuma ɗan ƙamshin gaskiya a maganar: in wanda bai san aikin ba ya tsaga ƙarin ta tsakiya, ko ya yanki rabi ya bar rabi, ya yi ɓarna. Ƙwararren likita ba haka yake yi ba. Yana zagaye ƙarin ne ya ɗebo shi ɗungurungum tare da kusan santimita 1 na lafiyayyen nama ta kowane gefe, sannan a kai ɗakin gwaji a tabbatar gefunan sun fita tas. Wannan faɗin yanka shi ne dalilin da ya sa ake barin babban gurbi, har a buƙaci ɗebo nama daga wani wuri.

Bari in yi miki bayanin gyaran, don tsoro yakan ragu in mutum ya san abin da za a yi. Daga gwiwa zuwa idon sawu ƙashi biyu ne, babba da siriri. Babban ne yake ɗauke da kusan duk nauyin jiki, don haka ana iya yanko tsakiyar siririn a bar kansa da gindinsa, mutum ya ci gaba da tafiyarsa. Ana ɗebo shi da 'yar fata da jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, a lanƙwasa shi ya yi siffar muƙamuƙi, a ɗaure da ƙarfe, sannan a ɗinke jijiyoyinsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girman gani. Faɗin jijiyoyin milimita 2 ne zuwa 3, zaren ɗinkin kuma bai kai silin gashi kauri ba. Ba gwaji za a yi da Baba ba. Wani likita a Ostireliya, Ian Taylor, shi ya fara dasa wannan ƙashi da jijiyoyinsa a 1975, David Hidalgo kuma ya yi amfani da shi wajen gina muƙamuƙi a birnin New York a 1989, tun daga nan ya zama hanyar da aka fi bi a duniya.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Yawancin waɗanda ke rasuwa bayan wannan aiki ba a kan gadon tiyata suke rasuwa ba, kuma ba mutuwar naman da aka dasa ke kashe su ba. In dashe bai kama ba ana cire shi a sake wani gyaran. Abin da ke ɗaukar rai shi ne abin da ke biyo baya a kwanakin jinya: ciwon huhu saboda yawu ko abinci ya bi hanyar iska, toshewar bututun numfashi, bugun zuciya, gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, ko jini ya taru a wuya ya shaƙe mutum. Kuma binciken da aka yi ta yi ya nuna yawan shekaru shi kaɗai ba shi ne ma'auni ba. Ƙarfin jiki ne, da cututtukan da mutum ya shiga da su. Dattijo mai shekara 75 da ke zuwa masallaci da ƙafarsa yana cin abincinsa ya fi ɗan 55 da ya rame yana haki samun sauƙin farfaɗowa. Wannan labari ne mai daɗi a gare ku, domin da yawa cikin waɗannan abubuwan iyali suna da hannu wajen rage su.

Ramar Baba ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Mutumin da ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, misali mai kilo 60 ya koma 54, likitoci suna lissafa shi cikin masu tamowa mai tsanani, kuma irinsu ne ɗinki ke buɗe musu, ciwon huhu ya kama su. Kunun gero tsararo ba zai gina jikin da zai ɗauki aikin awa 10 ba. Yana buƙatar madara, ƙwai, kunun gyaɗa mai kauri, waken suya, kifi ko nama da aka dafa lugub aka niƙa cikin miya, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Da yake yana da suga, ku nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin ya tsara muku, kada a gyara wani wuri a ɓata wani. In zafi ne ke hana shi ci, a ba shi maganin zafi kafin abinci. In har bakin ba zai iya ba, ku yarda a sa masa robar hanci tun yanzu. Mutanenmu suna ganin robar hanci alamar ƙarshe ce, alhali a nan ita ce shirin farko. Kwana 7 zuwa 14 na ciyarwa mai kyau kafin tiyata yana rage matsaloli ga wanda ya rame haka, kuma wannan ne kaɗai jinkirin da zan goyi baya.

Tabar nan ta fita daga bakinsa yau. Sinadarin da ke cikinta yana tsuke jijiyoyin jini, kuma rayuwar dashen gaba ɗaya a kan wasu siraran jijiyoyi biyu ko uku ta rataya. Suga a daidaita shi, a duba yawan jininsa, a wanke masa baki sau da yawa a rana, ya riƙa ɗan tattaki safe da yamma. Duk wani jiƙo, tsimi ko garin magani da yake sha, da ƙwayoyin kemis irin su asfirin, a kwashe a nuna wa likita, domin wasu suna tsinka jini, wasu suna wahalar da ƙoda da hanta. Ku kuma tanadi masu ba da jini tun da wuri.

Sannan asibitin. Ki tafi da Yaya, ku yi tambaya cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba. Sau nawa suke yin irin wannan dashen a shekara? An tanadar wa Baba gado a ɗakin kulawa ta musamman? Wa zai riƙa duba dashen da dare? Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Jijiyar da aka ɗinke ta fi toshewa cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, shi ya sa ake duba naman kusan kowace awa, kuma in an ga alama sai an koma tiyata nan take kafin a cece shi. A baƙar fata canjin launi ba ya saurin bayyana, don haka sukan ɗan soki wurin da allura su ga irin jinin da zai fito, ko su saurari gudun jini da wata 'yar na'ura. Asibitin da ba zai iya buɗe ɗakin tiyata ƙarfe 2 na dare ba, dashe irin wannan ya yi masa nauyi. Ku tambaya kuma ko an duba jijiyoyin ƙafar Baba, domin mai suga da ya sha sigari jijiyoyin ƙafarsa kan tsuke, wani lokaci ɗebo ƙashin ya cutar da ƙafar.

Akwai wata hanya da ya kamata ku ji ra'ayinsu a kanta. Tun 1979 wani likita a Amurka, Stephan Ariyan, ya nuna yadda ake juyo tsokar ƙirji da fatarta zuwa wuya da baki ba tare da an yanke jijiyarta ba. Ba ta buƙatar ɗinkin madubi, ta fi saurin gamawa, kuma asibitoci da yawa a ƙasashe irin namu da ita suka fi sabawa. In gurbin a gefen muƙamuƙi yake, ana iya haɗa ta da ƙarfe a rufe. Tana da nata aibin: fuska ba ta komawa daidai sosai, tauna kan yi wuya, ƙarfen kuma kan iya fasa fata ya bayyana bayan gashi. In kuwa gaban haɓa za a yanke, ƙashi ya fi dacewa, don in babu shi harshe kan faɗa baya ya dami numfashi da haɗiya. A ra'ayina, ga dattijo mai rauni, aikin da likitocin wurin suka ƙware a kai ya fi aikin da ya fi kyau a littafi. Su ne suka ga hoton muƙamuƙin Baba, su za su ce wanne.

Bayan an fito, aikinku ne zai fara. Mai yiwuwa Baba ya farka da bututu a maƙogwaro wanda yake numfashi ta cikinsa, ba zai iya magana ba na wasu kwanaki. Ku gaya masa haka tun kafin a shiga, kada ya farka ya firgita, ku ajiye masa takarda da biro ko allo, da wani abu da zai kaɗa a ji. Majina kan bushe ta toshe bututun, balle in lokacin hunturu ne da iska ba ta da laima, saboda haka mai kwana da shi ya koyi alamun toshewa, ya san inda injin zuƙe majina yake, ya san abin da ake yi in an ɗauke wuta. Tsofaffi kan rikice da dare bayan babbar tiyata su fizge roba, kada a bar shi shi kaɗai. Kada a ɗaura masa komai a wuya, kada a tura filo ya lanƙwasa masa kai sai yadda likita ya ce. A rage 'yan dubiya, turaren wuta kuma ya jira.

Ga wanda na fi jin tsoro, domin ƙauna ce ke jawo shi. In an ce kada a ba shi komai ta baki, to har da ruwan zamzam, da rubutu, da zuma, da cokali ɗaya na shayi. Bakin da aka ɗinke bai iya sarrafa ruwa ba tukuna, abin da aka ɗiga masa yana iya zarcewa huhu ko ya bi ta ɗinki ya gangara cikin wuya. A yi masa addu'a, a shafa masa a hannu da ƙirji, in ana so ya sha a tambayi nas ko za a iya ba shi ta roba. Ki gaya wa iyayenku mata da gwaggonni wannan da bakinki. Kumburin wuya farat ɗaya, jini ko da kaɗan ne daga baki ko bututu, zazzaɓi, haki, kumburin ƙafa ɗaya, ko yawu yana fita ta ɗinkin wuya, duk abin kiran ma'aikata ne a lokacin, ba a bari sai likita ya zo zagayen safe. Wannan sa ido ya ci gaba har bayan sallama, don wata 3 na farko duka lokacin lallaɓawa ne.

Wani abu kuma da iyalai kan manta: tsallake tiyata rabin tafiya ne. Dajin da ya taɓa ƙashi kusan ko da yaushe sai an bi shi da gashi, kuma an fi so a fara kafin mako 6 ya cika bayan aiki, a yi ta yi kwana 5 a mako har wajen mako 6. Injinan gashi kaɗan ne a ƙasar nan, layi kuma yana da tsawo, saboda haka ku nemi sanin inda za a yi, ku kama layi, ku lissafa kuɗinsa da na masauki tun kafin a shiga tiyata. Na fi son ku san wannan yanzu da ku sayar da gona a kan aiki sannan kuɗin gashi ya gagara. Ko an yi komai daidai, a ciwon da ya kai wannan mataki kusan rabi ne ko ƙasa da haka suke kaiwa shekara 5, kuma in zai dawo ya fi dawowa cikin shekara 2 na farko. Ku tambayi likitocin kai tsaye: warkewa ake nema da wannan aiki ko sauƙi? An ɗauki hoton ƙirji an ga bai je huhu ba? In ya bazu nesa, ko ya naɗe babbar jijiyar wuya, ko zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba, to ni ma ba zan ce a yi ba.

Saura maganar da ta fi nauyi. Ke da Yaya kuna jayayya a kan hukuncin da ba na ɗayanku ba ne. Baba yana cikin hankalinsa, jikinsa ne za a yanka, fuskarsa da muryarsa da cin abincinsa ne za su canza. Shi ne zai sa hannu, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin a sanar da shi halin da yake ciki, da hanyoyin magani da hatsarinsu, har da damar ya ƙi. Na san tausayi ne ya sa kuka ɓoye, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da aka yanki namansa aka kai gwaji, yake ganin 'ya'yansa suna ƙus-ƙus a bakin ƙofa, ya riga ya san ba ciwon haƙori ba ne, sai dai yana ɗauke da abin shi kaɗai. Yana kuma da haƙƙin ya yi istihara da kansa, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya bar wasiyya, abin da hadisi ya kwaɗaitar da Musulmi ya yi ko lafiyarsa ƙalau. Ba dole ku ne za ku furta kalmar ba. Ku roƙi babban likitan ya gaya masa a gabanku, tare da wani amininsa ko ƙaninsa da yake jin maganarsa, a bar shi ya yi tambaya gwargwadon abin da yake son ji.

Yaya kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Ya ga gawar maƙwabci, kuma yana jin in abu ya faru shi babba za a tuhuma, tsoronku iri ɗaya ne. Ki daina jayayya da shi a gida, ki roƙe shi ya raka ki wurin likita ya yi duk tambayoyin nan da bakinsa, ya kawo har maganar ƙarfen. In Baba ya ji komai ya ce a yi, to ba ke kika kai shi ba, shi ya zaɓa, ku kuma kun tsaya masa, ajali kuwa ba sa hannun kowa ke kawo shi ba. In ya ce ba ya so, ku girmama maganarsa, amma kada ku yanke zuwa asibiti. Ku nemi sashen da ke kula da rage raɗaɗi, a rubuta masa maganin zafi mai ƙarfi irin mofin na sha, a koya muku wankin gyambon da maganin warinsa, a shirya yadda za a ciyar da shi in haɗiya ta gagara. Ki yi ƙoƙari a yi wannan zama da likitoci cikin makon nan.

Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa kanku.